Buhu ko ƙasa? Amsa ga 'yar uwar da ke son lambu da bazarar nan

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kina Kano a gidan haya, tsakar gidan duk siminti ne sai wani ɗan tsiri na ƙasa a bayan kicin, ruwa kuma wajen 'yan garuwa kuke saye, kina so ki fara shuka kayan miya, da tumatir a farkon lissafinki, yanzu da muke cikin Afrilu, amma kin rasa wanne za ki yi tsakanin shuka a buhu da shuka a ƙasa kai tsaye. To ni duka biyun na yi, na ci ribarsu na kuma sha wahalarsu, bari in faɗa miki yadda na gan su.

Zan fara da ruwa tunda shi kike saye. A nan ƙasa ta fi buhu, ba ma kusa ba. Buhu rana tana dukansa ta sama ta gefe, ga simintin da yake kai shi ma ya ɗau zafi kamar tanda, a irin zafin Afrilu da ke kai 40 ko ya wuce idan kika ba shi ruwa da asuba kafin la'asar ganyen ya yi laushi ya sunkuya, dole sai kin ƙara da yamma. Ƙasa kuwa tana ɓoye danshi a can ciki, saiwa ta bi shi, musamman idan kika yi fangali, wato ki ɗan zurfafa wajen ki tada masa gefe yadda ruwa ba zai gudu ba, irin dai yadda masu noman rani suke yi a Kadawa da Kura, sannan ki rufe saman da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Sau ɗaya a rana ya ishe ta. Amma fa akwai inda buhu yake ramawa, duk ruwan da kika zuba a gindin shukar yake tsayawa, ba ya bazuwa ya shayar da ciyawar banza. Ni abin da nake yi, ruwan alwala da na wanke shinkafa da na wanke kayan miya duk a bokiti ɗaya nake tarawa, shi ne rabin ban ruwana. Ruwan wanki mai omo ko bilic kar ki kusanto da shi.

Sai ita ƙasar kanta. Wannan tsirin na bayan kicin, ki je ki sa fartanya ki gani tukuna kafin ki sa rai. Yawancin gidajenmu na cikin gari abin da ke ƙarƙashi ɓaraguzan bulo ne da leda da guntun tayil da magina suka binne, ni sai da na cika baro biyu da tarkace kafin na ga abin da za a kira ƙasa. Kuma idan nan ake watsa ruwan wanke-wanke shekara da shekaru to ta sha sabulu da maiƙo. A buhu ke ce mai haɗa ƙasarki da hannunki, ƙasa mai kyau kashi biyu, takin gargajiya kashi ɗaya, idan ƙasar mai danƙo ce ki ƙara yashi. Takin ya zama ya ruɓe ya yi baƙi ba ya wari, kashin awaki ko na shanu. Ɗanyen kashin kaji wuta ne wallahi, na taɓa zuba shi a buhu huɗu na barkono don zalama, kwana uku duk suka ƙone.

Akwai wata cuta ta ƙasa da mutane ba su cika lura da ita ba, wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, suna kama saiwar tumatir da kuɓewa, za ki ga shuka ta tsumbure ta yi rawaya ko da kina ba ta ruwa da taki, in kika tuge ta sai ki ga saiwar duk ƙulli-ƙulli. Idan suka shiga fangali fitar da su aiki ne, sai dai ki riƙa sauya abin da kike shukawa a wajen. A buhu kuwa ki juye ƙasar ki kawo sabuwa shi ke nan. Gara mai cin itace ma haka, ta fi samun shukar da ke ƙasa.

Wajen girma da yawan 'ya'ya ƙasa ce a gaba. Kuɓewa a ƙasa takan kai tsayin mutum ta yi ta ba ki kina tsinka duk bayan kwana biyu, a buhu tana yi amma gajeruwa, kuma ba ki isa ki sa fiye da biyu a buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Zogale, kabewa, rama, waɗannan kar ki wahalar da kanki da buhu. Amma alayyahu, lalo, latas, albasa mai lawashi, na'ana'a, attarugu, duk suna jin daɗinsu a buhu, na'ana'a ma gara a buhun don a ƙasa mamaye waje take yi. Sai dai abincin buhu yana saurin ƙarewa saboda ban ruwa yana wanke shi, duk bayan sati uku sai kin ƙara dintsin taki, ko takin zamani NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo, ki binne nesa da gindin kar ya taɓa jikin shukar.

Kuɗi kuma, ƙasa kusan kyauta ce in ban da taki da ƙarfinki. Buhu za ki nema, ki sayi ƙasa a kawo miki, kuma rana tana cinye shi, da wuya ya wuce shekara bai fara ruɓewa yana zubar da ƙasa ba. Tsofaffin bokitan fenti ko jarkar da aka yanka sun fi shi ƙarko nesa. Ko wanne ne dai ki huda ƙasansa sosai, ki ɗora kan bulo ko katako, don zafin siminti da kuma kar maigidan haya ya zo yana miki surutun kin ɓata masa daɓe. Af, kin ga wannan ma wani babban bambanci ne, ranar da za ku tashi buhu zai hau mota tare da ke, fangali kuwa sadaka kika bar wa mai shigowa.

Idan damina ta kankama kuma abin juyawa yake yi. A Kano ruwa yana zama sosai ne daga Yuni, Agusta ya fi yawa, a lokacin fangalin nan da ya taimake ki da bazara shi zai koma tafki ya ruɓar da saiwa, sai kin tada kunya kin mayar da shukar sama. Buhu ruwa wucewa yake ta hujin ƙasa, in iska ta taso ki ja shi jikin katanga.

Amma ni abin da ya fi damuna a tambayarki ba buhu ba ne ba ƙasa ba, tumatir ɗin da kika sa a farkon lissafinki ne. Dan Allah ki ajiye shi tukuna. Tumatir idan zafin rana ya haura 32 zuwa 35 furensa zubewa yake ba ya ƙulla ɗa, za ki ga ganye shar amma ba komai, damina kuma ta zo masa da cutar ganye, shi ya sa kike ganin duk shekara daga Mayu zuwa Yuli yake tsada a kasuwar 'Yankaba. Ga kuma sharon, ƙwaron nan da ya yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarna a 2016, shi ma zafi yake so. Lokacin tumatir da latas da karas da kabeji shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ki yi renon irin tumatir ɗin a Oktoba ki dasa bayan sati uku zuwa huɗu, hunturu ya raina miki shi. Irin UC82B ko Roma ana samu a shagunan kayan gona.

Yanzu abin da zai jure shi ne kuɓewa, alayyahu, lalo da yakuwa. Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, cikin sati zai fito, wajen wata biyu ki fara tsinka. Alayyahu ƙwayarsa ƙanana ce ki gauraya da yashi ki barbaɗa, sati uku zuwa huɗu kin fara yanka. Attarugu ki rene shi a inuwa yanzu, sati shida sai ki dasa daidai faɗuwar ruwa.

Da ni ce ke, tsirin bayan kicin idan yana samun rana ko ta awa shida zan gyara shi in sa kuɓewa da yakuwa da zogale ɗaya a ƙarshe. Buhu kuma shida kawai zan fara da su, ba ashirin ba, don kowanne sai ya sha wajen lita biyu zuwa uku a rana da zafin nan, shida ɗin ma kusan jarka guda ce kullum, ki lissafa da kuɗin garuwa ki gani. In jera su inda suke samun ranar safe katanga ta kare su da azahar. Kuma ki nemi tsohon gidan sauro ki lulluɓe su har su yi ƙwari, don da bazara babu wani kore a unguwa sai naki, ƙadangaru da kajin maƙwabta a wuni ɗaya za su aske miki alayyahun tas.