Ya gyara mini sandar fatsa, amma ya kankare mata suna

Wata uku da 'yan kwanaki sandata ta yi a hannun dattijon nan mai gyaran tsofaffin sandunan gora, wanda abokan kamun kifinmu a nan Bamingam ta Ingila ke ta kurantawa. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka tura ni wurinsa sun san da wa nake.

Sandar Wizard ce ta kamfanin Allcocks, ƙafa 11, gaɓa uku. A kasuwar Lahadi na tsince ta, inda Turawa ke buɗe bayan mota su baje tarkacen gidajensu. Tana cikin wata jakar zane da ta ci ƙura, amma da na zaro ta sai gabana ya faɗi. Gindin gora ce sukutum, tsakiya da kai kuwa gora ce da aka tsaga, aka fere sala shida aka manne, idan ka mirgina ta a yatsa za ka ji kusurwa shidan. Sama da mariƙi ga ɗan tambarin kamfanin nan mai siffar ƙwai, ya dushe amma yana karantuwa. A Redditch aka ƙera ta, garin allura da ƙugiya, nan kusa da mu. Da na kawo ta gida uwargida ta dube ta ta ce, "Maigida, gora ce fa, irin ta kakkaɓo mangwaro." Ban tanka ba.

Gaskiya dai aikin hannun mutumin ba na wasa ba ne. Kan sandar da ya kantare kamar baka ya bi shi da zafi a hankali har ya miƙe sak. Mahaɗin ƙarfen da ke ƙwas-ƙwas idan an girgiza ya zauna daram, yanzu in ka zare shi sai ka ji 'yar ƙarar nan ta "fot" da masu gora ke so. Zobban da suka yi tsatsa ya sauya su, ya naɗe da zaren siliki, ƙulli ko ɗaya ba ka gani. Mariƙin ma wanke shi ya yi bai canza ba. Daren da ta iso, cikin bututun roba mai kauri, na haɗa ta a falo ina kaɗawa har na kusa fasa ƙwan lantarki. A daren na rubuta masa godiya, na ba shi tauraro biyar, cikakken makin yabo.

Da yake koguna a Ingila a rufe suke ga irin wannan kamun daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, sai na daure har aka buɗe, na nufi kogin Seban ta wajen Bewdley. Kafin hantsi na kama wani kifi da suke kira chub. Yadda gora ke lanƙwasa tun daga kai har cikin tafin hannunka, sandunan zamani ba su san wannan ba. Ina cikin jin daɗi wani tsoho ya tsaya a bayana, ya tambaye ni wace sanda ce wannan. Cike da alfahari na juya ta don in nuna masa tambarin.

Wayam. Gora ce kawai tana sheƙi. Na juya, na sake juyawa, har na goge wurin da bakin riga kamar zai fito. Murna ce ta rufe mini ido ranar farko, ban duba ba. Tsohon ya yi ɗan murmushi ya ce ai da kama, ya yi gaba.

Sau biyu na ja wa mai gyaran kunne a kan tambarin nan, da baki ranar da na kai ta, da kuma a rubuce. Duk mai gyaran da ya san ciwon tsohon kaya kewaye wurin yake yi, ya bar tsohon man sheƙin da ke kansa, ya kankare sauran. Da na kira shi, ko a jikinsa. Wai tambarin dama ya fara ɓarewa, ya bi man sheƙin ya tafi, amma kada in damu, akwai kwafi da ake bugawa yanzu, zai aiko mini kyauta. Kwafi! To in kwafi nake so me ya kai ni tsugunno cikin sanyin asuba ina tonon tarkacen mutane? Idan ya ga yana ɓarewa, waya ɗaya ta gagare shi? Ko hoto bai ɗauka ba kafin ya sa wuƙa, ni ma kuma, wautata, ban ɗauka ba.

Haushin ya sa na jera gaɓoɓin uku a kan tebur. Kan sandar ya gaza sauran da kusan inci guda. Da na kai ta daidai suke, don shi ne abu na farko da mai sayen gora ke dubawa. Ashe wurin sauya zoben ƙarshe ya datse, bai faɗa mini ba. Sai a lokacin na tuna ma ya ce mako shida, ya yi wata uku, kuma kullum ni ke kira. Man sheƙin ma da na ƙura ido ya yi kauri, ya taru kamar hawaye a gindin zobe na biyu.

Idan sandarka ba ta da suna, kamun kifi kawai kake so da ita, kai masa, zai miƙe maka ita. Mai rubutun tawada ko tambari a jiki kuwa, kada ka kuskura. Na koma na mayar da taurarin nan biyu. Kwafin ya iso makon jiya cikin ambulan, yana nan cikin durowa tare da rasit, ban liƙa ba.