Inda na sayo Semax don aikin lab, da abin da ya kamata ku duba kafin ku tura kuɗi

Jama'a tunda 'yan ajinmu sun dame ni da tambayar inda na samo peptide ɗin (wato ɗan guntun furotin) da nike aikin masters da shi, bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Aikina a kan Semax ne, muna duba ko yana taimaka ma ɓeraye wajen tuna hanya. Ba zan kama sunan kamfani ba kar a ce talla nike masu, sanin abin da za ka tambaye su shi ya fi maka amfani.

Semax ɗan ƙaramin sinadari ne, amino asid 7 kacal a jere, masana a Mosko suka haɗa shi tun shekarun 1980 daga wani yanki na homon ACTH. A Rasha magani ne mai rajista, ana ɗiga shi a hanci ga masu shanyewar ɓarin jiki, amma FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ba ta amince da shi ba, shi ya sa galibi in ka gan shi a intanet za ka ga an rubuta don bincike kawai.

Mai sayarwa na farko da na tuntuɓa a WhatsApp ne, kuɗinshi kusan rabin na sauran, baki kamar zuma. Na ce ya turo mani takardar gwaji, wadda ake ce ma COA, sai ga hoto an rubuta kashi 99 da manyan baƙi amma ba lambar bach (lambar rukunin kayan da aka haɗa tare) ba kwanan wata, sunan lab ɗin da ya yi gwajin ma an yanke shi. Da na tambayi ta Selank, wani peptide ɗin daban, wallahi hoton nan dai ya sake turowa an canza suna kawai. Nan na ja jikina.

Na biyun da na saya wurinsu, takardarsu ce ta saye ni. Lambar bach da ke jikin takarda ita ce a jikin kwalbar da ta iso, sun haɗo da zanen HPLC ɗin kanshi, wato gwajin da ke nuna tsabtar sinadari, ka ga tsauni ɗaya dogo sai 'yan ƙanana a gefe, tsabta sama da kashi 98. Sannan ga sakamakon injin auna nauyin ƙwayar sinadari ya ba da kusan 814, wanda shi ne nauyin Semax na gaskiya. Wannan fa shi mutane ke tsallakewa, HPLC yana faɗa maka abu ɗaya ne ya cika kwalbar amma ba ya ce maka Semax ne, nauyin ke tabbatar da hakan. Kuma wani lab daban ya yi gwajin ba su da kansu ba. Supabaiza ɗina ya sa na ƙara tambayarsu gishirin acetate ne ko TFA, da kuma nawa ne zallar peptide a cikin garin, don abin da ka auna a sikeli ba duka ne peptide ba akwai gishiri da ɗan ruwa, in ba ka cire ba lissafin dos ɗin ɓerayenka ya tashi a banza. Sun amsa a rubuce ba kwana-kwana.

Inda na ji haushi shi ne jigila. Kuɗin kawowa ya kusa kamo kuɗin kayan, biya kuma sai da dala, imel ɗinsu sai ka jira kwana biyu. Kayan ta Kano suka biyo kafin su iso Katsina, a watan Afrilu kuwa da zafi ke haura digiri 40, ƙanƙarar da suka sa ta zama ruwan ɗumi. Abin da ya cece ni busasshen gari ne a kwalba mai like, shi yana jure 'yan kwanaki, ina karɓa na kai firizar lab mai sola aka aje a digiri -20. Don Allah kar wanda ya sayi wanda aka riga aka dama da ruwa a yanayinmu. Ku kuma nemi wasiƙar sashenku ku bi ƙa'idar NAFDAC ta shigo da sinadarai tun kafin oda, kar kaya su maƙale a kwastan.

Sai ku masu biyo ni ta bayan fage kuna cewa in sammaku ku yi amfani da shi a jikinku don jarabawa, abin nan yana damuna sosai. Kashi 98 ba ya nufin kwalbar ba ta da ƙwayoyin cuta ko gubarsu, gwajin wannan daban ne kuma kayan bincike ba dole a yi masu shi ba. Mu ko ɓera ba mu taɓawa sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu. Wani har yana tambayata Cerebrolysin, wani maganin ƙwaƙwalwa daban, bai san daga ƙwaƙwalwar alade ake haɗa shi ba.

Zan sake saye wurinsu in sha Allah, amma sai hunturu ya shigo, kuma masu buƙatar Selank don nasu aikin mu haɗa oda ɗaya mu raba kuɗin jigila.