Tayar kamfani ko mai faɗi: wacce za ka saka wa motarka?

Idan tayoyin motarka suka suɗe ka je kasuwa, da wuya mai shago bai nuna maka wata mai faɗi ba, ya ce ta fi riƙe hanya kuma motar za ta fi zama daram. Akwai gaskiya a maganarsa, amma rabi ce. Bari mu ɗauki motar da kowa ya sani, Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda yawancinsu suka fito da taya 195/65R15, wasu kuma da 185/65R15.

Lambar farko, 195, faɗin tayar ce da milimita. Ta biyu, 65, ita ce mutane suka fi yi wa kuskuren fahimta. Ba milimita ba ce, kaso ce: tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta, wato milimita 127 ke nan. Ta ƙarshe, 15, girman wili ne da inci. Idan ka haɗa wilin, milimita 381, da gefen sama da na ƙasa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 634.5. Wannan tsayin shi ne aka lissafa maleji da giya da birkin ABS (mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi) a kansa. Ƙa'idar masu sana'a ita ce kada sabuwar taya ta wuce shi ko ta gaza shi da fiye da kashi 3 cikin ɗari.

Taya uku ake yawan miƙo wa mai wannan mota. Akwai 205/60R15, tsayinta milimita 627, ta gaza ta kamfani kaɗan, kuma tana hawa wilin da ka riga ka mallaka. Akwai 205/65R15, milimita 647.5, ta ɗara ta kamfani da kashi 2 cikin ɗari, don haka idan maleji ya nuna 100 kana gudun 102 ne, kuma motar za ta ɗagu daga ƙasa da milimita 6 da ɗoriya. Sai 205/55R16, milimita 632, wadda kusan daidai take da ta kamfani a tsayi, amma sai ka sayi wili huɗu sababbi.

Samari kuwa idonsu na kan 225/45R17. A lissafi ba ta da laifi, tsayinta milimita 634, kamar an auna. Matsalar tana gefenta: milimita 101 kacal, an rage 26 daga robar da ke tsakanin wili da kwalta. Wannan robar da iskar cikinta su ke fara shanye duka kafin ya isa ga shok. Ka faɗa rami da gudu, bakin ramin zai matse gefen tayar da bakin wili, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga kumburi kamar ƙwai. Tayar da ta yi wannan kumburin ta gama aiki, babu facin da zai gyara ta. Wilin alminiyam kuma yakan lanƙwashe ko ya tsage, inda na ƙarfe sau da yawa ana iya buga shi ya miƙe. Ga wanda hanyarsa ta yau da gobe ramuka ne da tudun rage gudu, wannan zaɓin asarar kuɗi ce, komai kyan da ya yi a ido.

To me faɗin yake ƙarawa? Mutane suna ɗauka taya mai faɗi ta fi taka ƙasa da yawa. A zahiri girman wurin da taya ke takawa ya fi dogara ne da nauyin motar da yawan iskar da ke ciki. Abin da faɗi ke canzawa shi ne siffar wurin, ya zama gajere mai faɗi maimakon dogo siriri. A busasshiyar kwalta wannan yana taimakawa wajen shan kwana da taka birki, sitiyari kuma yakan fi saurin amsawa. Amma daga 195 zuwa 205 milimita 10 ne kawai, direba na yau da kullum da ƙyar zai ji bambanci. Ingancin robar da zanen tayar sun fi wannan tasiri nesa ba kusa ba: 195 ta kamfanin kirki za ta tsayar da mota kafin 215 mai araha.

Da damina lissafin yakan juya. Inda ruwa ya kwanta a kan titi, taya mai faɗi tana da ruwa mai yawa da za ta ture a gabanta, sai ta riga siririya ɗagowa ta hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Idan zanen ya fara cinyewa abin ya fi muni. A yashi kuwa, abin da ke fitar da mota shi ne rage iska don tayar ta baje ta yi tsawo, kuma mai dogon gefe ce ke ba da wannan damar. Mai gajeren gefe idan ka rage mata iska, wili ne zai sauka.

Shan man fetur ma zai ɗan ƙaru, saboda taya mai faɗi ta fi nauyi kuma ta fi jan iska. Ƙara a cikin mota takan ɗaga, sitiyari kuma ya riƙa bin layin da manyan motoci suka lotsa a kwalta.

Idan duk da haka kana son faɗin, tsaya a mataki ɗaya, wato 205, ka duba abubuwan nan kafin ka biya. Wilin Corolla mai faɗin inci 6 yana ɗaukar 205 lafiya, wadda ta wuce haka kuwa ta fi dacewa da wilin da ya fi shi faɗi. Taya da aka cusa wa siririn wili takan yi tozo, tsakiyarta ta riga gefe cinyewa. A saka guda ɗaya a gaba, a sauke jak, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka zura hannu ka tabbata akwai sarari tsakanin tayar da shok, da kuma robar da ta rufe ramin taya. Bayan an saka duka, a cika motar da mutane a hau tudun rage gudu, domin gugar baya sai da lodi take bayyana, musamman da 205/65R15. In za ka canza wili, ka nemi mai noti 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 100, kuma lambar ET da ke bayansa, wadda ke nuna yadda wilin zai shige ciki ko ya turo waje, ta yi kusa da ta asali. Wilin da ya turo taya waje sosai yana ɗora wa boris nauyin da ba a tsara masa ba.

Sannan ka karanta lambar da ke bin bayan girman, kamar 91H. Lamba 91 na nufin kowace taya za ta ɗauki kilo 615, H kuma gudun kilomita 210 a awa. Kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a takardar da ke jikin ƙofar direba. A nan 205/65R15 take da ƙarfi, don yawanci 94 ce, kilo 670. Ita kaɗai ce a cikin masu faɗin da za mu iya ba mai yawan lodi ko shiga ƙauye shawarar saye, saboda gefenta ya ma fi na kamfani tsawo. Illarta ita ce motar za ta ɗan yi nauyin tashi.

Kada ka haɗa girma biyu a gefe da gefe, kuma safaya ta yi kusa da su a tsayi. Motocin da ke ja da ƙafa huɗu, irin su wasu RAV4 da Highlander, dole huɗun su zama girma ɗaya, in ba haka ba na'urar raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta sha wahala.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne kuɗin da zai sayi sabuwar 195 sai su kai shi ga 215 ta gwanjo. Duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen tayar, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40, tsohuwar taya mai ƙarancin iska ce ke fashewa a doguwar tafiya. Ka nemi wadda aka rubuta A ko B a ma'aunin jure zafi. Iska kuma a auna ta da safe kafin motar ta yi tafiya, a bi lambar jikin ƙofa, wadda a wannan Corolla 30 ce a ma'aunin PSI, ba wadda mai faci ya saba bugawa ba.