Zanen Barkwancin Rasha na Yaƙin 1812: Wanne Za Ka Saya?

Da sojojin Napoleon, sarkin Faransa, suka fice daga Mosko a watan Oktoba na 1812, yunwa da sanyi suka yi musu kaca-kaca a hanya, masu zane a Rasha kuwa suka samu abin yi. Fitaccensu Ivan Terebenev ne, wanda ya zana Faransawa cikin tsumma suna dafa miyar hankaka. Alexei Venetsianov shi kuma ya kira su ɓeraye masu yunwa, ya nuna wata mace 'yar ƙauye, Vasilisa, ta tasa su gaba.

Mai neman irin waɗannan zane-zane zai tarar da su kala-kala, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne ko kusa.

Na asali, bugun 1812 zuwa 1814, shi ne mai tsada. A kan farantin jan ƙarfe aka sassaƙa shi, aka danna a takarda, sannan aka shafa launi da hannu. Saboda haka ka duba gefen hoton, za ka ga ɗan shatin da farantin ya bari, ya lotsa cikin takardar. Ka kuma lura da launin: aikin hannu ne, yakan ɗan zarce layi nan da can. In ka ga komai ya zauna tsaf, to da walakin.

Akwai kwafin da George Cruikshank, wani mai zanen barkwanci ɗan Ingila, ya yi a Landan a 1813, ya ɗauko daga zanen Rashawa ya sa bayani da Turanci. Shi ma tsohon abu ne na gaske, kuma a ganina ya fi dacewa da wanda ba ya karanta Rashanci, don rabin dariyar tana cikin rubutun ƙasan hoton.

Bugun 1912, na cikar yaƙin shekara ɗari, yana da sauƙin kuɗi. Matsalarsa kawai wasu dillalai kan sayar da shi da sunan na asali. Gilashin ƙara girma zai raba gardama: bugun inji yakan nuna ƙananan ɗige-ɗige. Malamin makaranta ko mai son ado a bango kuwa, sabon bugu ya ishe shi.

Kafin ka biya, nemi takardar da ke nuna hannun da zanen ya biyo. In a Rasha yake, ka tambayi mai sayarwa izinin fitarwa, domin ba a fitar da tsofaffin kayan tarihi daga ƙasar sai da amincewar ma'aikatar al'adu.