Farantin kamba ko noti mai doro: wanne za ka ɗaura wa shokozobarka?

Ɗan'uwa, ka ce motarka mai shokozoba irin ta MacPherson (wadda sifirin ke zagaye da ita) tana cinye gefen waje na tayoyin gaba duk ranar da ka shiga filin tsere, kana tambaya ko faranti za ka ɗaura a sama, ko noti mai doro a ƙasa ya wadatar. Duka biyun aikinsu ɗaya, su karkatar da kan taya zuwa ciki, abin da ake kira kamba, don gefen waje ya rage cinyewa a kwana. Wurin kamun ne ya bambanta.

Noti mai doro ba shi da wuya. Notuna biyu ne ke haɗa shokozoba da hob, wato ƙarfen da ke riƙe taya. A cire na sama, a sa wannan, a juya doron har taya ta kwanta. Irin na kamfanin SPC yakan karkatar da taya har digiri 1.75. Sai dai ya fi na asali siranta, don sai da rata doron zai juya: ramin milimita 14 yakan karɓi mai 12. Shi ya sa ba a ɗaure shi da ƙarfin na asali, kuma dukan ramin hanya ɗaya na iya gusar da saitin. Taya kuma tana matsowa kusa da sifirin, in faffaɗa ce sai ta fara goga.

Faranti kuwa yana maye gurbin robar sama ne gaba ɗaya, ya zamar da kan shokozobar zuwa ciki, taya da sifirin su tafi tare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa. Na kamfanin Vorshlag ko Ground Control da dama har saitin kasta suke bayarwa, wato karkatar da shokozoba gaba ko baya. A tsakiyarsa boris ne mai ƙwallon ƙarfe, ba roba ba, don haka kamba ba ta gudu a kwana. Kunnenka ne zai biya kuɗin: kowace gargada sai ta shigo cikin mota.

A nan ne mutane ke tuntuɓe, a ƙananan ƙarafan da ba a kallo. Sandar shokozoba ba kauri ɗaya ba ce, wata milimita 12, wata 14, kuma dole bushin da ke shiga cikin boris ya zauna mata cif. Rata kaɗan, ka ji ƙwas-ƙwas. Sannan mazaunin sifirin na sama: na asali daban, na sifirin mai inci 2.5 ko milimita 60 daban, kuma lallai ya zo da nasa boris na juyawa. In babu, sifirin zai riƙa murɗewa yana ɓallewa da ƙara duk sanda ka juya sitiyari, ƙwallon ma ya mutu da wuri.

Notunan da ke riƙe farantin, nemi masu lambar ƙarfi 10.9 a ka. Na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba A2-70 yana da ƙyalli, amma ko 8.8 bai kai ƙarfi ba. Notin saman sanda kuma kar a kusance shi da bindigar iska ta ɗaure noti. A riƙe sandar, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi.

Da motar yau da kullum ce mai neman digiri ɗaya, da na ce noti. Tunda kana zuwa fili kuma taya na ƙonewa, ɗauki faranti. Ka auna sandarka kafin ka yi oda, bayan ɗauri kuma ka kai a sake alaimen, domin taɓa kamba yana sauya inda bakin taya ke fuskanta.