Sharhi kan gyaran birkin motata a wani gareji da ke Ƙofar Ƙaura a Katsina

Tun tsakiyar hunturu birkin motata, Corolla ƙirar 2008, ya fara wani kuka mai tsini da ba ya fitowa sai na taka shi da ƙarfi. A cikin gari shiru yake, amma ranar da wani ɗan acaɓa ya faɗo mini kan hanyar Daura, kafin a kai Mashi, ƙarar da ta tashi daga tayar gaba ta dama sai da ta sa uwargida ta riƙe ƙofa tana salati. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wata biyu kacal da canza fad ɗin birkin, wato abin da ke matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ta ciki da ta waje, idan an taka birki.

Wani abokin aiki ne ya tura ni garejin, kuma abin da ya fara burge ni shi ne maigidan bai ce a sayo komai ba sai da ya shiga motar muka zaga. Ya taka birkin a hankali, ya sake takawa da ƙarfi, sannan ya tambaye ni ko sitiyari yana rawa ko motar tana fizga gefe guda. Da na ce tana ɗan ja, sai ya ce, "Malam, sai mun cire tayoyin gaba duka biyu, domin ƙarar tana dama ba ta nufin laifin yana dama kaɗai ba."

Da aka ɗaga motar ya zaro fad ɗin ya miƙo mini. Kaurinsa bai ragu sosai ba, wajen milimita 8 ya rage, alhali ɗan ƙarfen nan da ake maƙala wa fad don ya yi ƙara ba ya taɓa faifai sai saura milimita 2 zuwa 3. Ke nan ba cinyewa ya yi ba. Fuskarsa ce ta ƙone ta yi santsi tana sheƙi kamar gindin tsohuwar tukunya, kuma na ciki ya fi na waje ci. Dalilin ya fito ne da ya jawo ƙusoshin nan biyu da kalifa, wato ƙarfen da ke danna fad a jikin faifai, ke zamewa a kansu: ɗaya ta fito cikin sauƙi, ɗayar kuwa sai da aka murɗa ta da filaya, domin robar da ke rufe ta ta tsage, ƙura ta shiga ta haɗu da tsohon giris ta daskare. Saboda haka fad ɗin yana gogar faifai ko ba a taka birki ba, zafi ya ƙona shi, idan an danne shi da ƙarfi sai ya yi ta karkarwa maimakon ya kama. Ya kuma nuna mini cewa wanda ya yi aikin farko ya yar da siririn falankin da ke bayan fad, wanda aikinsa rage wannan karkarwar ne. Ni ma ina da laifi, don fad mai araha na zaɓa.

Ya wanke ƙusoshin, ya canza robar, ya sa giris mai jure zafi, ya goge faifan da samfefa bayan ya tabbatar bai gaza kaurin da aka rubuta a jikinsa ba. Fad sabo aka sa a ɓangarorin biyu, kuɗinsa kusan ninki biyu na wancan. Daga nan muka hau titi ya kai gudun kilomita 60, ya rage zuwa 10 ba tare da ya tsaya cik ba, ya maimaita kusan sau takwas domin sabon fad ya zauna.

Inda ban ji daɗi ba shi ne lokaci. An ce mini awa ɗaya, amma na shiga da hantsi ban fito ba sai bayan la'asar, saboda maigidan yana barin motata ya koma kan wasu. Haka nan yaronsa hawa kan sifana ya yi da ƙafa wajen ɗaure notin taya, sai da na yi magana aka sassauta aka sake ɗaurewa bi da bi.

Yau mako shida ke nan, na je Daura sau uku, ƙarar ba ta dawo ba, fizgar ma ta daina. Idan an wanke motar ta kwana, nakan ji ɗan gurzawa da safe saboda tsatsar da ke hawa faifan, amma kafin in kai Ƙofar Ƙwaya ta ɓace.