Ƙagaggun labarai ko littattafan ilimi: wanne za a fara zubawa a akwatin ajin matan aure?

Malama, tambayarki ta iso. Kin ce ajinku na yaƙi da jahilci a ƙauyenku na ƙasar Ringim ya yi nisa, matan sun wuce haɗa baƙi sun fara karanta jimla, har an yi karo-karo don sayen littattafan da za a riƙa ara ana mayarwa. Sai kai ya rabu. Yawancin matan labari suke so. Wasu kuma, musamman mazajen da suka sa hannu a aljihu, sun ce kuɗinsu ba zai tafi a tatsuniya ba, a sayo na tarihi da noma da kiwon lafiya. Kina son jin wanne ya fi.

Ni dai a nawa ganin, ki ba labari kaso mafi tsoka, na ilimi kuma ki sayo kaɗan amma ki tsananta wajen zaɓe. Ba don labari ya fi daraja ba. Aikinsu ne ya bambanta, haka ma irin ɓarnar da kowanne ke yi idan aka yi rashin dace.

Fara da yadda ake karanta su. Matar da ta iya karatu bana, babbar buƙatarta ita ce idonta ya saba, ta daina bin kalma da yatsa. Wannan ba ya samuwa sai da yawan karatu, shafi bayan shafi, kuma ba mai zama da littafi bayan ta gama surfe da girki da wankan yara sai in akwai abin da ke jan ta. Labari yana da wannan igiyar. Tana son ta san ko amaryar za ta gane makircin uwargida, ko yaron da aka kora zai dawo, sai ta kunna tocila ta ƙara babi ɗaya. Littafin kiwon kaji ba haka ake yi masa ba. Ana buɗe shi ne ranar da kaza ta fara gyangyaɗi, a duba wurin da ake nema, a rufe. Littafi ne mai amfani, amma wadda take tuntuɓe a kowane layi ba za ta iya laluben wurin da take nema ba tukuna. Ana buƙatar na farkon kafin a ci moriyar na biyun.

Masu tsara karatun boko da Hausa tun farko sun gane haka. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai saboda an sami masu karatu amma babu abin karantawa mai daɗi. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce kuwa, da ya fito littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, don 'yan makaranta aka rubuta shi. Ki gaya wa mazajen nan wannan, domin da yawansu in sun zauna a aji da irin waɗannan littattafan bakinsu ya buɗe. Kuma Shaihu Umar ya isa misali cewa katangar da suke gani tsakanin labari da ilimi ba ta kai tsayin da suke zato ba: ƙagagge ne, amma wanda ya karanta shi zai san yadda cinikin bayi da ayarin ƙetare Sahara suka kasance fiye da wanda aka ba shi jerin shekaru ya haddace.

Sai dai na san ba waɗannan tsofaffin suke gudu ba. Littattafan soyayya na kasuwar Kano suke nufi, waɗanda suka ɓarke tun tsakiyar shekarun 1980, da yawansu mata ne suka rubuta. Ƙorafin ba sabo ba ne, har ta kai a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Kano ta ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a. Masu suka suna cewa suna ɓata tarbiyya, suna sa yarinya raina abin da ke gabanta. Masu karanta su kuma suna cewa a nan kaɗai suke ganin an yi maganar abin da ke cin su: kishi, auren dole, saki ba dalili, cinye gadon marayu, cire yarinya daga makaranta. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, don littattafan ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda marubutansu suka san zaman gidan Bahaushe ciki da bai, suka rubuta shi da hankali. Akwai kuma waɗanda daga shafin farko zuwa na ƙarshe ba komai sai gidan bene da motoci da tafiya Dubai, saurayin ba a taɓa ganin yana wata sana'a ba amma kuɗi ba sa ƙarewa. Irin na biyun nan ne nake ganin bai dace da akwatinku ba, ba ma don batsa kaɗai ba. Matar da ke jiran kaka ta sayar da 'yar gyaɗarta ba abin da za ta tsinta a ciki sai ƙuncin rai.

Akwai wani aibin nasu da masu suka ba su cika ambata ba, alhali ku shi ya fi shafa. Da yawa an buga su ne ba tare da kowa ya gyara rubutun ba. Za ki ga an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an raba na haɗewa, babu ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya ƙware zai wuce abinsa, amma mai koyo idan ta ga "kasa" sai ta tsaya tana wasi-wasi ko ƙasa ake nufi, kuma yadda ta gani haka za ta riƙa rubutawa. A nan tsofaffin littattafan kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya sun yi musu fintinkau.

To, juyo ɓangaren littattafan ilimi, inda nake ganin an fi yin sakaci. Mutane sun ɗauka duk abin da aka buga da sunan lafiya ko noma gaskiya ne, ba ya tsufa. Idan marubucin labari ya yi shirme, iyaka a yi tsaki a ajiye. Idan littafin lafiya ya yi shirme, a jikin yaro za a gani. Ɗan littafin da aka buga kafin 2005 zai ce miki kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro, alhali tun wannan shekarar Najeriya ta koma ga magungunan da ake kira ACT saboda ƙwayar cutar ta daina jin na da. Tsohon littafin noma zai iya yabon gamalin, wanda tuni aka haramta, kuma ba zai san da buhun nan mai ninki uku ba, wanda ake adana wake a ciki ba tare da an barbaɗa masa guba ba. Ga kuma 'yan littattafan "sirrin magunguna" da ake tallarsu a tasha da ranar kasuwa, babu cikakken sunan marubuci, babu shekarar bugu, kowace cuta an haɗa mata jiƙo. Waɗannan ko kyauta aka ba ki kada su shiga akwatin, domin duk abin da ya fito daga hannun malamar aji, matan za su ɗauka an tantance shi.

Saboda haka a fannin noma da lafiya, kafin ki kashe ko sisi ki nemi malamin gona na yankinku, ki kuma leƙa asibitin sha-ka-tafi. Hukumar JARDA ce ke kula da malaman gona a Jigawa, cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta daɗe tana fitar da takardun wayar da kan manoma da Hausa. Takarda mai shafi huɗu da hotuna a kan ƙuduji ko tazarar shuka ta fi muku amfani a kan kundi mai kauri da aka fassaro daga Turanci da wata irin Hausa da ba mai yin ta a gida.

Tarihi ne na ware daban, don shi ba ya lalacewa da sauri, kuma yana yin wani abu da labarin soyayya ba ya yi: yana fita daga ɗaki ya isa zaure. Labari mace ce ke karanta abinta ita kaɗai, ko ta karanta wa abokiyar zamanta in ana shiri. Amma a karanta yadda Turawa suka ci Kano a 1903, ko yadda Haɗeja ta ƙi miƙa wuya aka gwabza a 1906 har Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama, nan take za ki ji tsoho ya gyara zama ya ce ba haka kakansa ya faɗa masa ba. Ko maganar layin dogo da ya ratsa Ringim ya nufi Nguru, da yadda gyaɗar ƙauyukanku ta riƙa bin sa zuwa Kano. Wannan gardamar ita ce za ta sa maigida ya daina ganin ajin a matsayin ɓata lokaci, musamman in matarsa ce ke riƙe da littafin. Abin lura kawai, tarihin da ya shafi ƙasarku shi za ki nema. Na daulolin nesa, in ba malamin makaranta ba, ba mai ɗauka. Kuma duk wanda aka buga kafin 1991 zai sa Haɗeja da Gumel da Kazaure a Jihar Kano ko Lardin Kano; ba kuskure ba ne, Jigawa ce ba a ƙirƙiro ba lokacin, sai ki yi musu bayani.

Na addini ban sa su a lissafi ba. Ahalari da Ishmawi da littattafan azkar kusan kowane gida akwai, kuma suna da malamansu.

Wata za ta ce ai yanzu labarai sun koma waya, ana tura su ta WhatsApp, gidajen rediyo ma suna karantawa, me zai sa a sayi na takarda? Sauraro daban, karatu daban. Wadda aka karanta wa ta ji daɗi amma idonta bai ƙaru da komai ba. Na wayar kuma su ne ba mai tacewa ko kaɗan, ga caji, ga kuɗin data, ga wayar ma sau da yawa ta maigida ce.

In littafi 30 kuɗin zai saya, ni zan sa 20 na labari, rabinsu tsofaffin nan masu tsabtataccen rubutu da gajerun labaran da ake gamawa a zama ɗaya, rabi kuma na zamani da kika karanta da kanki kika yarda da su. Shida na tarihi da rayuwar magabata, sauran huɗun na sana'a da lafiya, sababbin bugu. Idan kin shiga Kano, masu littattafai na Sabon Gari da na Kasuwar Kurmi za su nuna miki iri-iri, amma ki zauna ki buɗe kowanne. Ki duba girman baƙin, don wasu an matse rubutun saboda tsadar takarda, ba ya karantuwa da fitila. Ki duba ko shafukan sun cika. Na labarin zamani kuma yawanci kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya da na biyu har na uku ko na huɗu, kada ki yarda a ba ki na ɗaya a ce ki dawo wani makon. Ki haɗa su duka, ki ba mai ɗinki ya ɗinke su wuri guda da bango mai kauri, in ba haka ba na biyun zai bi wata amarya zuwa ƙauyen mijinta a bar sauran matan da rabin labari.